Dajin Gundumi da Masu Tsaronsa

Gabas da birnin Sakkwato akwai wani tudu mai faɗi wanda gulabe suka yi wa ƙawanya. Gulbin Rima ya bi ta arewa da yamma da shi, ya wuce Goronyo da Wurno. Gulbin Sakkwato ya bi ta kudu, ya wuce Gandi da Rabah, har su biyun suka haɗu kusa da birni. Ta gabas kuwa, wajen Isa, Bunsuru da Gagare ne suka rufe shi. Tsakiyar wannan tudu ita ce a ke kira dajin Gundumi. Wanda duk ya dubi taswirar ƙasar zai ga manyan garuruwa sun jeru a bakin fadama kamar ƙwayoyin carbi, tsakiya kuwa fili fetal, sai 'yan ƙauyuka jefi jefi.

Dalilin wannan kuwa ruwa ne. Damina a nan wata uku ce zuwa huɗu, ƙasar tudun kuma rairayi ce da tsakuwa da marmara. In an yi ruwan sama, nan da nan ya kan nutse ko ya gangara fadama, ya bar 'yan tafkuna waɗanda ba su kai bazara. Itatuwan da suka jure wa wannan hali su ne irin su sabara da geza da taramniya da kalgo da aduwa, inda ƙasa ta ɗan yi kyau kuma a sami marke da ƙirya, gamba ta cika tsakaninsu da damina. Masana duwatsu sun ari sunayen wuraren nan sun raɗa wa shimfiɗun ƙasa, akwai na Gundumi, akwai na Taloka, akwai na Wurno. Sun kuma nuna cewa a wani zamani mai nisa ƙwarai teku ta taɓa rufe gefen tudun na wajen Goronyo, har ma wata ƙatuwar dabbar teku da aka tono ƙasusuwanta a can aka sa mata suna Goronyosaurus cikin 1972. Ikon Allah ke nan, a ce ƙasar da ta yi suna wajen ƙishirwa a da ƙarƙashin ruwa ta ke.

Abin da wannan takarda ta nufa shi ne ta bi tarihin dajin nan tun daga zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta duba wane ne ya tsare shi a kowane zamani, kuma mene ne rabon mutanen Wurno da Rabah da Goronyo cikin wannan tsaro. Da yawa daga cikin amsar tana kwance cikin kalmomin da Hausawa suka yi amfani da su, musamman hurumi da gandu da gayya, gama kowace ɗaya tana ɗauke da hukunci game da mai abu da mai wahala a kansa.

Zamanin ƙishirwa da tsoro

Masu gadin Gundumi na farko ba mutane ba ne. Ƙishirwa ce da tsoro. Bayan da Alkalawa ta faɗi cikin 1808, Gobirawa ba su miƙa wuya gaba ɗaya ba, haka kuma wasu Zamfarawa, da Katsinawan da suka koma Maraɗi. Hanyar da ta haɗa Sakkwato da Katsina da Kano kuwa ta cikin dajin nan ta ratsa, watau hanyar da fatake da manzanni da masu kawo gaisuwar sarakunan gabas su ke bi. Daji ba ruwa, ba gari, ga mahara suna sane da lokacin wucewar ayari. Don haka ba a ƙetare shi sai an taru da yawa, an cika salkuna, an sami rakiya.

Turawa biyu da suka ratsa shi sun bar labarin abin da suka gani. Clapperton, wanda mutanen ƙasa suka sani da suna Abdullahi, ya bi ta nan cikin watan Maris na 1824, da rakiyar mahaya da Bello ya aiko su tarye shi, shi da mutanensa suka sha wuyar ƙishirwa ƙwarai kafin su kai ga rijiya. Barth kuwa, watau Abdulkarim, ya taso daga Katsina tare da Galadiman Sakkwato cikin 1853, suka bi ta Zurmi da Badarawa da Sansanin Isa, suka shiga Gundumi a ƙarshen Maris, tsakiyar zafi. Tafiyar awa 26 suka yi ba su yada zango ba, sa'an nan suka ɓulla Gawasu, inda suka tarad da Sarkin Musulmi Aliyu Babba ya yi sansani yana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Daga nan Barth ya wuce Wurno, ya zauna fiye da wata guda.

Dajin da manomi ba ya iya kwana cikinsa, mai saran itace kuma yana tsoron a kama shi a sayar, lalle itatuwansa za su tsira. Maharba su kan shiga, makiyaya ma su kan kutsa da damina in sun ga hali, amma gatari da fartanya ba su yi nisa da ganuwa ba. Ya kamata a riƙe wannan, domin akwai masu ɗaukar cewa yalwar dajin da a ke ba da labari ta samu ne saboda mutanen da sun fi na baya tausayin itace. Wani abu daga ciki gaskiya ne, kamar yadda za a gani, amma mafi yawan Gundumi rashin zaman lafiya ne ya kiyaye shi.

Ribaɗi da hurumi

Muhammadu Bello, wanda ya yi sarauta daga 1817 zuwa 1837, bai ɗauki wannan daji abin alfahari ba. A wurinsa ƙofa ce da abokan gaba su ke shigowa ta cikinta, maganinta kuwa shi ne a cika bakinta da mutane. Wannan ita ce dabarar ribaɗi, watau gari mai ganuwa a bakin iyaka, wanda mazaunansa manoma ne kuma mayaƙa. Shi da kansa ya zauna Magariya, inda Clapperton ya same shi a zuwansa na biyu, daga baya wajen 1830 ya gina Wurno bisa tudu mai kallon fadamar Rima, a can ya rasu cikin 1837, a can kuma hubbarensa ya ke. Ya zaunar da 'ya'yansa da danginsa a garuruwan da suka kewaye dajin. Aliyu Babba ya riƙe Shinaka kafin ya hau gadon sarauta cikin 1842, Abubakar Atiku kuma ya riƙe Rabah, shi ya sa a ke ce masa Atiku na Rabah, ya yi sarautar Musulmi daga 1873 zuwa 1877. Bello ya kuma yi ta jan hankalin Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, su ƙara kiwon dawaki da raƙuma da tumaki da awaki, a ba su malamai su karantar da 'ya'yansu. Ya rubuta littattafai a kan ribaɗi da kuma a kan halaccin sana'a da neman abinci. Ba kuma za a ɓoye ba, wani babban sashe na noman da ya ciyar da garuruwan nan bayi ne suka yi shi a rumada da gandayen manya.

Gari irin wannan yana cin itace da yawa. Ana bukatar azara da ƙyauren ƙofa, maƙera na bukatar gawayin ƙirya, majema na bukatar bagaruwa domin fatun jajayen awaki da ƙasar ta yi suna da su, dawaki na bukatar ciyawa kullum, mata na bukatar itacen girki. In aka bar kowa ya sare abin da ya ga dama kusa da ganuwa, bayan 'yan shekaru sai an yi nisa kafin a sami itace, nisa kuwa a wancan zamani halaka ne. A nan ne hurumi ya shigo.

Kalmar hurumi daga Larabci ta ke, tushenta ɗaya da haram da harami da hurma, watau abin da aka keɓe aka hana taɓa shi. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne malaman Sakkwato suka bi, kowane gari yana da hariminsa, shi ne filin da mutanensa su ke yin itace da kiwo, gwargwadon inda za a je da safe a komo kafin dare. Wannan fili na jama'ar garin ne duka, ba mai ikon share shi ya mai da shi gonarsa shi kaɗai. Rijiya tana da nata harimi, itaciya mai amfani ma haka. Raya matacciyar ƙasa kusa da gari sai da izinin shugaba, mai nisa kuwa ba ta bukatar izini. Akwai kuma hima, watau makiyayar da shugaba ya keɓe domin amfanin jama'a, kamar kiwon dawakin yaƙi, amma malamai sun ƙuntata ta, sun ce ta zama kaɗan, kada kuma ta cuci mutanen wurin. Abdullahi ɗan Fodiyo ya tattara hukunce hukuncen nan cikin littafinsa Ta'alimur Radi. Hausa ta karɓi kalmar ta faɗaɗa ta, har ta kai ana cewa abu kaza ba hurumin wane ba ne, ana nufin ba shi da iko a kansa. Wannan ma'ana ta biyu tana da amfani ga mai nazari, gama ta nuna cewa a tunanin masu harshen, keɓaɓɓen fili ba ya rabuwa da sanin wanda ke da iko da shi.

Banda hurumi akwai burtali da mashaya. Tsarin kiwo a wannan ƙasa hawa da sauka ne. Da damina, sa'ad da ruwa ya malale fadama gonaki kuma suka rufe bayan gari, shanu su kan hau tudu su yi mashekari a daji. Da kaka su sauko su ci kara da harawa a gonaki su bar taki, da rani su bi ciyawar fadama. Burtali shi ne hanyar da ta haɗa waɗannan wurare, a kan shinge shi da aguwa dama da hagu don kada dabba ta faɗa shuka. Wanda ya ci burtali da noma, maƙwabtansa ne farkon masu kai ƙararsa wurin mai gari, domin su ma suna da awaki da jakai da ke bin hanyar, kuma suna son takin Fulani.

Aikin da ya riƙe waɗannan abubuwa duka gayya ne. Asalin kalmar gayyata ce, a kira mutane su taru su yi wa wani ko su yi wa gari aikin da ya fi ƙarfin gida ɗaya, kamar yaɓen ganuwa bayan damina, da yashe rijiya, da gyaran shingen burtali, da kashe gobarar daji in ta doso rumbuna. A kan yi kiɗa, a kan dama fura, wanda ya ƙi fita kuma ranar tasa ba mai zuwa. Ba a ce babu tilas a ciki ba, aikin ganuwa musamman umurnin sarki ne. Amma mai yin aikin yana ganin amfaninsa da idonsa, ganuwar nan ita za ta tsare 'ya'yansa, hurumin nan can matarsa za ta yi itace. Iyakar wannan tsari dai tafiyar yini ce daga gari. Abin da ya wuce nan, tsakiyar Gundumi, ba hurumin kowa ba ne.

Gandun daji

Turawa suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903. Cikin 'yan shekaru hare hare suka ƙare, mai gadi ɗaya ya tafi ke nan. Mutane suka fara fita daga ganuwa, talakawa masu neman sabuwar ƙasa da bayin da suka bar iyayengijinsu, suna kafa ƙauyuka a bakin daji. Sunayen wurare sun riƙe wannan labari, gama yawancin ƙauyukan da a ke kira Tungar wane ko Gidan wane suna ɗauke da sunan mutumin da ya fara sassabe a wurin. Haraji da a ke biya da kuɗi ya ƙara wa mutane ƙaimin noman gyaɗa da auduga, jirgin ƙasa kuma ya iso Ƙauran Namoda cikin 1929. Daga wajen 1930 Gwamnati da En'e suka shiga gina rijiyoyin siminti masu zurfi a Lardin Sakkwato. Alheri ne babba, amma kowace rijiya da aka gina a tudu ta rage ƙarfin mai gadi na biyu, watau ƙishirwa.

Turawan daji sun ga abin da ke faruwa. An yi Dokar Daji cikin 1916, amma abin da ya tada hankalin hukuma ƙwarai game da Arewa shi ne maganar wani shehun malamin ilmin daji na Jami'ar Edinbara, E. P. Stebbing, wanda ya zaga ƙasashen nan cikin 1934. A shekarar da ta biyo ya buga maƙala yana cewa Sahara tana tahowa kudu, in ba a yi shingen daji mai tsawo an tare ta ba za ta cinye ƙasar noma. Ingila da Faransa suka naɗa kwamitin haɗin gwiwa, ya bi iyakar Nijeriya da Nijar daga Disamba 1936 zuwa Fabrairu 1937. Kwamitin bai sami shaidar cewa hamada na tafiya kamar rundunar yaƙi ba. Abin da ya gani shi ne ɓarnar da a ke yi a wurin da kanta, ta sassabe da ƙuna da sara. Duk da haka tsoron hamada ya riga ya zauna a zukatan ma'aikata, kuma shi ya ba aikin keɓe dazuzzuka ƙarfi. Dokar Daji ta 1937 ta shimfiɗa yadda En'e za ta keɓe daji ta riƙe shi, ƙarƙashin wannan tsari na En'e kuwa Gundumi ya zauna keɓaɓɓen daji. Burin ma'aikatar shi ne ta keɓe rubu'in ƙasar Nijeriya, abin da ta samu bai wuce wajen kashi 10 cikin 100 ba.

Bisa takarda, tsarin yana da adalci. Kafin a keɓe daji a kan yi shela, a naɗa ma'aikaci ya saurari masu da'awar hakki, a rubuta abin da aka yarda da shi, kamar bin hanya, da ɗiban ruwa, da tsintar busasshen itace da 'ya'yan itatuwa, wani lokaci a zagaye tsohon ƙauye a bar masa gonakinsa a tsakiya. Amma wanda ya san zaman ƙauye ya san wanda ke magana gaban Bature, hakimi ne da dagaci. Makiyayin da ke zuwa mashekari wata huɗu a shekara, da matar da ke ɗiban ganyen miya, da maƙerin da ke ƙona gawayi, da wuya muryarsu ta kai takarda. Abin da ba a rubuta ba kuwa ya zama laifi.

Sunan da aka ba sabon abin a Hausa ya cancanci a tsaya a kansa. Ga kalmar hurumi a harshen, ma'anarta ta dace, tana da gindi a shari'a, kowa ya san ta. Amma abin da ya zauna a bakin mutane shi ne gandun daji. Gandu kuwa babbar gona ce wadda mai gida ke da iko da amfaninta, ƙannensa da 'ya'yansa su yi aiki a ciki, abin da ya ke nasu na kansu shi ne gayauna. Akwai kuma gandun sarki, gonar sarauta, wadda bayi ko talakawa ke nomawa, amfanin ya shiga rumbun fada. Duk Bahaushen da ya ji an ce gandun daji ya fahimci abu biyu nan take, cewa akwai mai shi, kuma ba shi ne ba. Ko wane ne ya fara haɗa kalmomin nan biyu, ya faɗi gaskiyar al'amarin fiye da yadda dokar ta faɗa.

Aikin da aka nema daga ƙauyukan gefe bai bambanta da na da ba ƙwarai. A share iyaka, a yanka hanyar tare wuta, a fito in gobara ta tashi, a dasa dogon yaro a bakin hanya da kasuwa. Dokar aikin tilas ta 1933 ta bar wa sarakuna ikon kiran mutane ƙananan ayyukan gari, sau da yawa kuma da sunan gayya a ke kiransu. Amma gayyar da ba a dama fura ba, wadda in an gama ta mai aikin zai biya tara in ya yanki azara a wurin da ya share, sunan kawai ta ara. Har itatuwan da ke cikin gonar mutum, wasu an sa su cikin jerin waɗanda ba a sara sai da takardar izini. Manomi ya yi lissafinsa, ya ga itaciyar da ta girma a gonarsa ta zama dalilin zuwan malamin daji, saboda haka gara ya cire ta tun tana tsiro.

Ba daidai ba ne a ce tsarin En'e bai tsare kome ba. Ya tsare, domin yana da haƙora. Hakimi yana da dogarai, alƙali yana kusa, dagacin da aka yi sassabe a ƙasarsa ba izini yana iya rasa rawaninsa. Ahmadu Bello, jikan Atiku na Rabah, ya riƙe ƙasar Rabah daga 1934 zuwa 1938, watau daidai shekarun da a ke gardamar hamada, ya kuma san zaman manoma da makiyaya na wannan yanki tun yana yaro. Gwamnatinsa ta Jihar Arewa ce ta yi Dokar Makiyaya ta 1965, wadda ta ba da ikon keɓe filaye domin kiwo. An kashe shi cikin Janairu 1966, kuma kaɗan ne daga cikin makiyayun da aka yi niyya aka tabbatar da su a doka.

Bayan En'e

Abin da aka gina bisa tsoron hakimi ba ya daɗewa bayan an karɓe ikon hakimi. Mulkin soja ya ɗauke 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e a ƙarshen shekarun 1960. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da aikin mulki na yau da kullum, Dokar Ƙasa ta 1978 kuma ta danƙa ƙasa duka ga gwamnan jiha. Gandun daji ya koma hannun ma'aikata da ke zaune a birni, masu gadi kaɗan, abin hawa babu. A wurare da yawa na Arewa aka riƙa yanka gandaye ana ba masu hali gonaki, motocin itace da gawayi kuma suna ɗiba suna kai birane. Mutanen ƙauye ba su tashi sun hana ba, don me za su hana? An shekara arba'in ana koya musu cewa ba nasu ba ne.

A cikin wannan hali fari ya zo, na 1972 zuwa 1974, da na 1983 zuwa 1984. Sa'an nan aka taɓa fadama, wadda ita ce rabin tsarin hawa da sauka. An gama madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato cikin 1978, binciken W. M. Adams kuma ya nuna yadda ambaliyar da ke shayar da fadamun da ke ƙasa da ita ta ragu, manoma da yawa suka bar shinkafa suka koma gero da dawa. Gandi da Rabah a wannan gulbi su ke. An gama ta Goronyo a kan Rima cikin 1984, tafkinta ya rufe gonaki da makiyaya. Daga shekarun 1990 injunan ban ruwa suka yawaita, noman rani na albasa da tafarnuwa da shinkafa ya bunƙasa a Wurno da Goronyo, ya kawo arziki na gaske. Amma filin da shanu ke ci da rani ya zama lambu, mashaya da burtali da yawa suka toshe. Makiyayi ya rasa wurin sauka, manomin da bai sami fadama ba kuma ya hau tudu da gatarinsa, su biyun suka haɗu a dajin da ba mai raba su.

Fashin daji da ya taso daga Zamfara wajen 2011 yana da dalilai da yawa, akwai satar shanu, da yawaitar bindigogi, da rashin samun adalci a kotu, da ramuwar gayya tsakanin 'yan banga da makiyaya. Ba za a ɗora shi duka a kan tarihin gandun daji ba. Amma 'yan bindiga suna bukatar maɓoya, kuma sun same ta a dazuzzukan da hukuma ta ce nata ne ba ta zauna a ciki ba, jama'a kuma an hana su su ce nasu ne. Cikin Yuli 2018 aka kai hari Tabanni, kusa da Gandi a ƙasar Rabah, aka kashe mutum fiye da 30, waɗanda suka tsira suka yi gudun hijira zuwa Gandi. Cikin Oktoba 2021 aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo, mutum fiye da 40 suka mutu. A waɗannan shekaru hanyar da ta tashi daga Marnona ta ratsa Gundumi zuwa Isa ta zama abin gudu, matafiya suna kewayawa ta Goronyo da Sabon Birni.

Ƙetaren iyaka

Tunanin Stebbing bai mutu ba. Shi ne ya komo da sabuwar riga cikin 2007, sa'ad da Tarayyar Afirka ta amince da shirin babbar ganuwar itatuwa daga yamma zuwa gabashin nahiyar, Nijeriya kuma ta kafa hukumarsa cikin 2015, Sakkwato na cikin jihohi 11 da ya shafa. Amma abin da ya fi dacewa a gwada da Gundumi yana arewa kaɗan, a ƙasar Maraɗi da Tsibiri, wurin jikokin mutanen nan da suka riƙa tare ayari a dajin. Ƙasarsu ta fi ta Wurno ƙarancin ruwa, dokar dajin Faransa kuma ta fi ta Ingilishi tsanani wajen mai da itatuwa na hukuma. Zuwa 1980 gonakinsu sun zama fili, iska na binne shuka da rairayi.

Cikin 1983 wani ma'aikacin mishan mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, wanda dashen da ya ke yi ya yi ta mutuwa, ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace bazara tohon kututture ne masu saiwa mai zurfi. In aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu aka bari, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace. Manoma suka kira abin sassabin zamani. Lokacin yunwar 1984 an haɗa shi da rabon abinci, da abincin ya ƙare kuwa mutane da yawa suka sare abin da suka bari. Waɗanda suka riƙe nasu suka sami itacen girki da na sayarwa da abincin dabbobi, maƙwabta suka gani suka kwaikwaya. Abin da ya sa ya yaɗu shi ne ma'aikatan daji sun sassauta tara, manomi ya tabbata itaciyar da ya raina tasa ce, daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa wannan. Masu bincike sun ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya a ƙasashen Maraɗi da Damagaram ya kai hekta miliyan 5. A dajin Baban Rafi kuma, kudu da Maraɗi, tun farkon shekarun 1990 aka ba ƙauyuka ikon yankan itace bisa ƙa'ida da sayar da shi a kasuwanninsu, wani kaso na kuɗin ya zauna a garin.

Kada a zarce da yabo. Kudancin Maraɗi ma ya sha hare haren 'yan bindiga, dajin Baban Rafi kansa bai tsira daga zama maɓoya ba, kuma nasarar da aka samu ta fi yawa a gonaki, inda mai abu sananne ne, bisa ga dajin da jama'a suka yi tarayya a kansa. Mutanen Rima ba su bukatar a ƙetare iyaka kafin su ga wannan. A tsofaffin gonakin da ke kewaye da Sakkwato da Wurno, inda aka fi ƙarni guda ana noma kowace shekara ba hutu, gawo yana nan tsaye tsakiyar gero. Yana zubar da ganye da damina, saboda haka ba ya yi wa shuka inuwa, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'ya, dabbobi su taru ƙarƙashinsa su bar taki. Mai gona ya san kowane gawo da ke cikin gonarsa, yana tara 'ya'yansa ya ba awakinsa ko ya kai kasuwa, makiyayin da ke son ya sassaƙo reshe kuma sai ya nemi izininsa tukuna.